Tabarmar da Baba Ya Shimfiɗa a Gefen Rediyo

Ni na jawo, gara in faɗa tun yanzu. Da bakina na kawo maganar gida, da ƙafata kuma na kai ta inda ta lalace. Yau ga furfura a kaina, amma in aka tsare ni aka ce in nuna inda na yi kuskure a cikin biyun nan, sai dai in yi tsuru-tsuru.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Tsanyawa. Gona tana manne da gona, in akuyarka ta tsinke igiya kafin ka ɗaura wando ta shiga dawar maƙwabci. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, mu kuma 'yan gidaje ne a gefen gabas, jikokin Maguzawa da suka karɓi bishara. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, da mai bishara guda wanda shi ma noma yake kamar kowa. Ni a lokacin na gama makarantar horon malamai, ban sami aiki ba, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ana ce mini Malama. Kai, yadda sunan nan yake fasa mini kai, Allah kaɗai ya sani.

Baba shi ne na ƙarshe da ya tuba a gidanmu. Inna ta riga shi da shekaru masu yawa, tana zuwa sujada yana zaune a ƙofar gida yana yi mata sheƙiyanci. Ranar da ya yanke shawara kuwa bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki gatari ya tumɓuke jigo, wato itacen da yake kafe a tsakar gidanmu tun zamanin kakansa, inda ake yi wa iskoki yanka, ya faskara shi ya ba Inna ta dafa tuwo. Ya bar giya, ya shiga ajin masu neman baftisma yana tsoho a cikin samari, ni ce nake biya masa amsoshi yana haddacewa.

Baftisma a wurinmu sau ɗaya ake yi a shekara, bayan kaka, in fasto ya zo daga birni, a kududdufin bayan gari. To sai shekarun wahala suka shigo. Shekara biyu a jere ruwa yana ɗaukewa da wuri, kududdufi yana ƙafewa tun gero bai nuna ba, sai a ce a bari sai baɗi. Ga Baba da wani tari da ya ƙi jin magani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata. Yakan ce, "Uwata, ni dai a tsoma ni a ruwan nan kafin a sa ni a rami, shi ke nan buƙatata." Yana faɗa yana dariya, amma na san ba wasa yake ba.

A cikin wannan hali yayana, da yake leburanci a wajen Rijiyar Zaki, ya aiko mana da rediyo. Ƙarama ce mai jakar fata, tana cin batir huɗu. Batir kuwa a shekarun nan ya fi nama wuya. In ya yi sanyi mu shanya shi a rana a kan rufin rumbu, mu ɗan daddaka shi da dutse, ya sake yin kwana biyu. Saboda haka ba a kunna ta sai bayan la'asar, in an dawo daga gona, a gindin zogalen tsakar gida, kuma Baba ne mai riƙe da ita.

Ba mu kaɗai muka samu ba, gidaje uku ne a cikinmu, sai abin ya zama magana a majami'a. Wasu suka ce rediyo ƙofar shaiɗan ce. Wasu suka ce ai har shirin bishara ana yi a ciki daga wata tasha mai nisa. Mai bishara, bawan Allah, ya rasa yadda zai yi, ya ja layi a tsakiyar allo ya rubuta abin da Kirista zai saurara a dama, wanda zai kashe a hagu. Labarai a dama. Shirin manoma a dama. Kiɗan garaya da na kalangu a hagu. Wasan kwaikwayo ya rubuta a dama, wani dattijo ya yi gyaran murya, ya goge ya mayar hagu, mata suka yi gunaguni, ya tsaya da alli a hannu har aka tashi bai sa shi ko'ina ba.

A watan nan aka tura ni taron matasa a wani gari. Wata mata da ta yi mana jawabi ta ce mu bar wahalar da kanmu da jeri. Ta ce kafin ka saurari komai ka tambayi kanka, in Mai Ceto yana zaune kusa da kai, za ka iya barin abin nan a kunne? Maganar ta shige ni. Na dawo gida ina ɗauke da ita kamar ni na ƙirƙiro, na tarar da Baba yana murɗa rediyo, ban ko ajiye jaka ba na zazzage masa.

Ya dube ni. Ya ce, "Ashe yana zuwa jin rediyo?"

Na ce, "Baba, ai kullum yana nan. Duk inda kake yana tare da kai."

"Nan gindin zogalen ma?"

"Har nan."

Ya dubi inda yake zaune a kan tsohon buhu, ya dubi ƙasar da take gefensa, duk kashin kaji. Ya ce, "Assha. Kuma duk kwanakin nan ba wanda ya faɗa mini."

Ranar kasuwar Tsanyawa ya kama kazar Inna ɗaya ya tafi da ita, ya dawo da sabuwar tabarmar kaba, 'yar ƙarama, mai jan baki. A shekarar da sau ɗaya muke ɗora tukunya a yini! Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. La'asar tana yi ya share gindin zogale, ya shimfiɗa tabarmar a damansa, ya ɗebo ruwa a moɗa ya ajiye a bakinta, ya koma kan buhunsa, ya ce, "Sannu da zuwa," sannan ya kunna rediyo.

Na ce, "Baba, mene ne haka?"

Ya ce, "Ke kika ce yana nan. A gidan ubana ba a taɓa barin baƙo a tsaye ba."

In ce ba ya nan? Ni na ce yana nan. In ce yana nan amma ba ya zama? To wa ya gaya mini? Na yi karatun shekara biyar a makarantar kwana, tsoho wanda bai san bihim ba ya ɗaure ni da igiyata. Na shige ɗaki ina ta tsaki ni kaɗai.

Daga ranar haka ake yi kullum. Ba mai taka tabarmar, ko kaza ta doso sai ya kore ta. In an gama ya naɗe ta ya rataye a ɗakinsa, ruwan moɗar kuma ya juye a gindin zogale, don a ganinsa ba a mayar da ruwan baƙo cikin randa, kuma shekarar ba ta zubar da ruwa a banza ba ce.

Abin da ya fi rikita ni shi ne yadda yake zaɓe. In abu ya fara, sai ya ɗan saurara, ya waiwaya ya dubi tabarma kamar yadda ake duban fuskar babba, sannan ya bari ko ya kashe. Kuma zaɓensa bai bi allon mai bishara ba ko kaɗan. Wani malami ya yi wa'azi a kan masu tauye mudu a lokacin yunwa, na miƙa hannu zan murɗa, Baba ya buge mini hannu ya ce, "Bari, wannan zai so ya ji." Aka yi wasan kwaikwayo ana kwaikwayon Bamaguje ya sha giya yana faɗuwa a kasuwa, ni raina ya ɓaci, shi kuwa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa wallahi haka ƙanin babansa yake. Washegari a wasan aka shiga yi wa wani mai in'ina dariya, nan take ya kashe, ya ce da tabarma, "Yi haƙuri." Labarai ma wani lokaci yakan kashe a tsakiya, in aka ce abinci ya wadata a ƙasa, ya ce ba zai zaunar da baƙo a yi masa ƙarya ba.

Har shirin bishara bai tsira ba. Wata Lahadi mai wa'azin ya ɗauki zafi yana kiran waɗanda ba su tuba ba da sunaye marasa daɗi. Baba ya dubi katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu, wani Alhaji da ya ba mu dawa kwano biyu a makon nan ba mu roƙa ba, ya dubi tabarma, ya kashe. Na ce, "Baba, maganar Allah ce fa ka kashe!" Ya ce, "Na ga kamar ba ta yi masa daɗi ba." Haba! Ni da nake koyar da yara, me zan ce da wannan? Wani sashe na zuciyata yana cewa tsohon nan ya fi mu gane abin, wani sashen yana cewa wannan shi ne ɓata tsantsa. Kullum da wanda nake kwana, da wani nake tashi.

Ranar da ta karya ni ita ce ranar garaya. Ana murɗawa sai ga kiɗan ya fito tar, irin na da, wanda ake yi wa masu bori. Inna tana tankaɗe ta tsaya cak. Na tabbata zai kashe, don wannan ko yaro ya san yana hagun allo. Hannunsa ya kai kan maɓallin, ya tsaya. Sai na ga ya matsa kusa da tabarma, ya rage murya, yana magana kamar mai ba aboki labari. Ya ce, "Wannan kiɗan uwata ne. In aka yi shi ba ta sanin inda take. Ni nake riƙe mata zane ina yaro. Ba ta ji labarinka ba, ba wanda ya zo ya faɗa mata." Hawaye yana bin gemunsa. Ya bar kiɗan har ƙarshe, yana ta ba da labarinta, yadda take dafa masa wake in ya yi zazzaɓi, yadda ta mutu a shekarar fara. Da aka gama ya share fuska, ya juye ruwan a gindin zogale.

Tsoro ya kama ni. Kiɗan bori, shimfiɗa, magana da wanda ba a gani, zuba ruwa a gindin itace, duk a gidan da aka tumɓuke jigo. Kuma daminar da ta biyo baya ta ɗan yi kyau, kududdufi ya riƙe ruwa, an aiko cewa fasto zai zo bayan mako uku. Na ce a raina in tsohon nan ya shiga ruwa da wani abu a ɓoye, alhakin a wuyana yake. Ban je don in kai ƙara ba, Allah ya sani. Na je wurin matar mai bishara ne in nemi shawara, muna tsinkar zogale a tsakar gidanta, na ce ta riƙe a cikinta. Ta ce to. Kafin rana ta faɗi mijinta ya ji, kafin Lahadi dattawa sun ji.

Suka zo su uku da la'asar, mai bishara da dattawa biyu, suka tarar da komai a shimfiɗe. Ɗaya daga cikin dattawan sa'an Baba ne, tare suka yi farauta suna samari, kuma kafin ya tuba shi ne mai yankan tsafi na unguwarsu. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya. Baba ya sa na kawo musu buhuna suka zauna, tabarma tana nan ba kowa a kai, kowa yana satar kallonta.

Dattijon nan ne ya fara. Ya ce, "Abokina, ni ba za ka ɓoye mini ba. Shimfiɗa, ruwa, a juye a gindin itace. Da hannuna na yi wannan shekara talatin. Suna kawai ka sauya."

Baba ya ce, "Ba ɗaya ba ne."

"Ina bambancin?"

"Waɗancan tsoronsu nake ji, ina ba su don su ƙyale ni. Wannan ba ya cin komai nawa. Kunyarsa kawai nake ji."

Dattijon ya ce, "Kai ka san haka. Jikokinka da suke leƙowa fa? Su abin da suka gani shi ne kaka yana zuba wa itace ruwa yana magana. Mutanen gari kuma cewa za su yi Maguzawa sun koma gidan jiya. Mun sha wuya kafin a daina kiranmu matsafa, kai ka sani." Ba mugu ba ne, kuma da na saurare shi sai na ji shi ma gaskiya yake faɗa. Na dubi wannan na dubi wancan, kaina ya yi nauyi.

Mai bishara ya sa baki a hankali. Ya ce, "Baba, Mai Ceto ba ya buƙatar tabarma. Ba a gefenka yake zama ba, a cikin zuciyarka yake."

Baba ya dafa ƙirjinsa, ya ce, "A nan? To in abu ya fito a rediyo, ina zan duba?"

Mai bishara ya sosa ƙeya. Can sai ɗaya dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Malama, an ce ke kika koya masa wannan."

Da a ce na amsa e, ni ce, kuma ban ga laifinsa ba, ban san me zai faru ba. Wataƙila su hana shi, wataƙila su sassauta. Amma ni a lokacin sunan Malama nake karewa. Na ce, "Ni ba haka na ce masa ba. Misali na ba shi, shi ya ɗauka wani iri." Baba ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena.

Suka ce ba za su iya kai sunansa gaban fasto ba sai an ɗauke shimfiɗar, in ya ƙi kuma sai dai a jira wata shekara a ga halinsa. Wata shekara! Tari ya taso masa, aka jira ya lafa. Ya daɗe yana kallon tabarmar. Sannan ya durƙusa da kansa, ya naɗe ta a hankali, ya ɗaure da igiya, ya miƙa wa mai bishara da hannu biyu. Ya ce, "Ku shimfiɗa a majami'a, ko yara sa zauna." Ruwan moɗar ya miƙo mini, na rasa yadda zan yi da shi a gabansu, na shanye. Mai bishara ya zaro takarda daga aljihu, ya kwafe masa jerin allon nan, dama da hagu, ya ce ga wannan, Malama za ta riƙa karanta masa.

Aka yi baftisma ranar Asabar da hantsi. Ruwan kududdufin iyakarsa gwiwa, sai da fasto ya sa shi ya zauna sannan ya kwantar da shi. Ya taso yana kyarma, laka a gemunsa, yana dariya da dukan bakinsa, mata suna guɗa, Inna tana kuka. Abokinsa dattijon nan shi ya fara rungume shi. Murnar Baba ta gaskiya ce, na gani da idona, kuma ni ma na yi murna har na manta da komai na yini guda. Na ce a raina, to, ai ga shi an samu abin da ake nema.

Kwana huɗu bai taɓa rediyo ba. A na biyar ya kira ni da la'asar, ya ce in zo da takardar. Ya zauna a kan buhunsa, na zauna a hagunsa, ya kunna. Labarai, na ce dama, ya bari, har da inda aka ce abinci ya wadata. Kalangu, na ce hagu, ya kashe, ya jira, ya sake kunnawa. Ba ya waiwaya ko'ina, ni kawai yake kallo. Mutumin da yake buge mini hannu, yanzu ko tari zai yi sai ya ga na ɗaga kai daga takarda.

Sai aka sako wasu mata suna waƙar daka, taɓarya tana amsawa, irin wadda ake yi a kowane gida in an sami hatsi. Ba kiɗa, ba zagi, ba sunan Allah a ciki, ba na iska. Ya ce, "Uwata, wannan fa?"

Na bi takarda sama da ƙasa. Na ce, "Ba ta ciki, Baba."

"A jerin bari ko a na kashewa?"

"Duka biyun ba ta ciki."

Ya ɗora yatsa a kan maɓalli yana jirana, batir yana ta ci. Na ji waƙar tana da daɗi, na kuma ji tsoron in ce a bari ya zama na sake kai shi wani wurin. Na duba cikin zuciyata, inda aka ce a duba, ban tarar da komai ba sai bugawa. Da abin ya ishe ni na ce, "Baba, ka tambaye shi mana, kamar yadda kake yi."

Ya dubi damansa, ƙasa ce kawai, kaji sun riga sun barbaje wurin. Ya ce, "Kun ce ba a nan yake zama ba." Ya kashe rediyon, ya miƙo mini, ya ce in kai ɗakina, in na gane sai in zo in faɗa masa.

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Ban je na faɗa masa ba, don ban gane ba.